Littafi, Daji da Allura

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara

   



Da sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce an ɗora mini jawabin bana, na zaci za a ce in yi magana a kan ruwan sha, ko magudanai, ko tallafin ɗalibai, abubuwan da muka saba tattaunawa kowace shekara. Sai ya ce a'a, matasa ne suka nemi in faɗa musu abin da nake yi da yinina tun da na ajiye aikin gwamnati, domin sun lura ba a ganina a majalisar 'yan siyasa, ba a ganina ina bin ofisoshi neman kwangila, kuma ga shi ban yi kama da wanda zaman gida ya isa ba. Na yi dariya, na ce amsar ai gajera ce: ina karatu, ina fita bayan gari, ina ɗinkin hula. Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ɗinkin hula kuma?" To, wannan mamakin nasa ne ya sa na karɓi gayyatar. Yaron nan ɗan cikin ganuwa ne, kakansa ma da allura a hannu na san shi, amma yau jin cewa tsohon ma'aikaci yana ɗinki ya zame masa abin al'ajabi.

Bari in fara da allurar, don ita na riga riƙewa kafin alƙalamin boko. An haife ni a cikin birni a farkon shekarun 1950, a gidan da zaurensa makaranta ne da asuba da dare, da hantsi kuma wurin ɗinki. Haka yawancin zaurukan unguwarmu suke a lokacin. Malami ba ya jiran albashi, babban almajiri ba ya bara, kowa da hularsa ko wuyan rigarsa a cinya, yana ɗinki yana tilawa. Baffana, ƙanen mahaifina, shi ne gwanin gidanmu, kuma shi ya damƙa mini allura ina ɗan shekara bakwai ko takwas.

Ku da kuka saba shiga kanti ku ɗauko riga a rataye, ba lalle ne ku san hannu nawa babbar riga take bi kafin ta hau wuyan mai ita ba. Masaƙi zai saƙo fari ko saƙi, ƙyalle siriri wanda faɗinsa bai fi tafin hannu ba. Maɗinki ya jera su ɗaya bayan ɗaya har su zama riga. Sa'an nan a kai wa mai zane, ya zauna da alƙalamin kara da tawada ya fitar da aska biyu ko aska takwas, da tambari, da gidan biyar, da dagi, ba ya duban wata takarda, duk a kansa suke. Daga nan mai aiki ya karɓa. Shi ne zai yi wata biyu, wata uku, in malum-malum ce ma fiye da haka, yana bin layin tawada da zaren tsamiya ko alharini, huda bayan huda. In ya gama a sa shafi, a wanke, a kai wa mabuga su ɗora ta a kan gungume su buga har ta ɗauki ƙyalli. Riga ɗaya tana ciyar da gida biyar ko shida. Yaro ba a fara shi da riga, da hula ake fara shi, ita ma ba tsakiyarta ba, gefe.

Ba na manta hular da na fara gamawa da hannuna. Na kai wa Baffa ina taƙama. Bai ko kalli fuskarta ba, sai ya juya ta ciki ya duba bayan ɗinkin, inda ƙulle-ƙulle da tsallake-tsallaken zare suke ɓuya. Ya sa bakin allura ya warware mini aikin kwana uku, ya miƙo mini, ya ci gaba da nasa. Bai zage ni ba, bai kuma yi mini bayani ba. Na koma bayan zaure na yi kukana. Shekaru da yawa bayan haka, da aka ɗora mini duba lissafin kuɗi a ofis, na tarar ni ma ta baya nake fara duba fayil.

Karatun boko a cikin wannan zauren ya same ni. Mutanen nan malamai ne, sun sauke Alƙur'ani, sun karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, suna rubuta wasiƙa da ajami, amma ba su karanta boko. Da na kai aji uku a firamare, sai ya zama duk ranar da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, a ba ni kuɗi in sayo, in zauna a tsakiyarsu in karanta da ƙarfi, su kuwa hannuwansu na kan aiki. A nan na koyi karatu na gaskiya. Kun san rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka garin da ake zama da garin da ake tuwo duk rubutunsu ɗaya, haka kukan yaro da kukar miya. In na yi tuntuɓe, wani tsoho daga lungu zai ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Sake, ba haka Bahaushe ke faɗa ba." Dole in koma farkon jimla in gane ma'ana kafin in buɗe baki. Ta bakina suka bi labarin yaƙin basasa daga 1967 har zuwa 1970, wasunsu kuwa 'ya'yansu na bakin daga.

In jarida ta ƙare, sai a ce in ɗauko littafin makaranta. Da farko Baffa bai so ba, ya ce tatsuniya ce da rana tsaka. Amma da aka shiga Magana Jari Ce, aku ya fara jero labarai don ya tsare ɗan sarki daga fita, shi da kansa yake cewa in ƙara babi ɗaya. Ruwan Bagaja ya ba su dariya, sun ɗauki Malam Zurƙe kamar wani da suka sani a kasuwa. Ganɗoki ya tayar musu da muhawara, domin akwai waɗanda iyayensu suka ga zuwan Turawa da idonsu, kowa yana gyara wa littafin zance. Shaihu Umar kuwa shiru ya sa su. Da muka kai inda uwa ta bi sawun ɗanta har ƙetaren hamada, na ɗaga kai na ga allurai sun tsaya. Wani dattijo ya tashi ya fita, bai dawo ba sai bayan la'asar. Daga baya na ji cewa kakarsa ma a hannun masu kamun bayi ta zo ƙasar nan. Ina yaro na fi son Ruwan Bagaja. Yanzu da na tsufa, Shaihu Umar nake komawa.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, littattafan nan kusan a bayan gidanmu aka haife su. A Zariya Hukumar Talifi take sa'ad da Dokta Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta fito da Abubakar Imam, da wansa Bello Kagara, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Muhammadu Gwarzo mai Idon Matambayi. Jiki Magayi kuwa da John Tafida, mutumin Wusasa, East ya rubuta shi. A Zariya Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, aka yi hukumar NORLA daga 1954 zuwa 1959 lokacin Yaƙi da Jahilci, sa'an nan kamfanin NNPC mai buga littattafai a 1966. Kafin duk wannan muna da sarki mawallafi, Aliyu Ɗan Sidi, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja. Muna da Aliyu Namangi, makaho mai Imfiraji, wanda waƙarsa ta shiga kowane lungu na ƙasar Hausa. Imam kansa a nan ya rasu a 1981. Ina faɗin wannan ne don in tambaye mu, mu da muke zaune a wannan ɗaki: 'ya'yanmu nawa ne suka taɓa karanta littafin Hausa guda daga bango zuwa bango? Kada kowa ya ɗaga hannu, kowa ya amsa wa kansa.

Ba kuma ina cewa sai tsofaffin littattafai ba. Akwai lokacin da nake hararar littattafan da ake bugawa a Kano, ina ce musu na soyayya, har na tarar da su ne 'ya'yana mata suka koyi karatun Hausa a Legas. Na karɓi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu don in ga abin da ke ɗauke musu hankali, sai ga ni na kwana a kansa. Tun daga ranar na daina yi wa littafi hukunci kafin in buɗe shi.

Littafi ne kuma ya fitar da ni daji. Akwai Ikon Allah, wanda East da Imam suka rubuta a kan halittu iri-iri, tsirrai da dabbobi da ƙwari da taurari. Na karanta shi ina firamare, na cika da murna cewa na san duniya. Da hutu ya zo aka ɗora ni a bayan keken kawuna, Raleigh mai kwando, aka kai ni wurin kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye gefen kogin Galma. Tsohuwar nan ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma kwana biyu da ita na gane ni ne baƙo. In muka fita ɗebo itace, ba ta wuce bishiya ba ta kira sunanta ba: ga marke, ga ƙirya, ga maje, ga taura, ga kanya, ga ɗinya, ga faru. Ta san wadda ake saƙa turmi da ita, da wadda hayaƙinta ke sa hawaye, da wadda ake jiƙa ɓawonta ga mai jego. Ita ta nuna mini gawo, ta ce in duba shi da kyau, shi kaɗai ne yake zubar da ganye da damina sa'ad da kowa ke kore, ya kuma yi ganye da rani sa'ad da kowa ya bushe, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona, dawa tana yin kyau a ƙarƙashinsa. In ta ga shamuwa ta sauka a kan kuka, sai ta ce a fara gyaran gona, ruwa ya kusa. Da dare ta nuna mini Kaza da 'Ya'yanta a sama.

Na girma kafin in san cewa wani likita Bature mai suna Dalziel ya bi ƙasar nan yana tambayar irin su kakata, ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa ya buga littafi tun 1916. Masana har yau suna amfani da shi. Su waɗanda suka ba shi sunayen kuwa, mu jikokinsu mun bar abin ya zube.

Wata rana da kaka, kawuna ya kai ni gindin wata tsamiya ya nuna mini wani dunƙule mai launin ƙasa manne a jikin reshe, kamar tsohuwar jaka. Ya ce, "Ka san wannan?" Na ce a'a. Ya ce, "Zaren da Baffanka yake yi wa sarakuna aiki da shi ke nan." Gidan wasu tsutsotsi ne da ke cin ganye, su taru su saƙa wa kansu ɗaki guda. A ciro shi, a dafa da ruwan toka har ya saki, a wanke, a shanya, mata su kaɗa shi da mazari. Shi ya sa ake ce wa zaren tsamiya. Na tsaya ina juya abin a hannuna. Shekara nawa ina zura wannan zare a allura ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba! Daga ranar ban ƙara ɗaukar zaure da daji da littafi a matsayin wurare uku ba.

Da muka zama samari, Kufena ce wurin zuwanmu. Mu tashi bayan sallar asuba da gurasa ko ƙuli-ƙuli a aljihu, mu hau kafin rana ta yi zafi. Wanda bai taɓa tsayawa a kan Kufena ya dubi Zariya da safe ba, bai gama ganin garinsu ba. Ga birni kwance cikin rimaye, ga Madarkaci, ga hayaƙin girki yana tashi unguwa-unguwa, ga layin dogo, can nesa ga Samaru. A gindin dutsen kana iya bin sawun tsohuwar ganuwa, ka tuna cewa mutane sun zauna a nan tun kafin a san garin da sunan da muke kiransa yau. Mun je Turunku ma sau biyu a kan keke, don mu ga inda aka ce Bakwa, mahaifin Amina, ya zauna. Ba mu je da wani malamin tarihi ba. Tsofaffin wurin muka gaisar, suka ba mu ruwa, suka ba mu labari.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Da aiki ya kai ni Legas a ƙarshen shekarun 1970, na ɓoye allurata. Na sa kwat, na ɗaura lakataya, na ga kamar ɗinkin hula aikin almajirai ne da bai dace da mai tebur da masinja ba. Sai na kulle ƙofa da dare nake ɗauko ta. Da aka shiga matsin tattalin arziki bayan 1986, darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai mu ƙarshen wata, ga yara huɗu a makaranta. Wasu abokan aikina suka shiga abin da ba zan ambata ba. Ni kuwa allurar nan da nake jin kunyarta ita ta rufa mini asiri. Ina ɗinka ƙube da zanna bukar, ranar Asabar in kai wa wani dillali a Agege. Da kuɗin hula na biya kuɗin jarrabawar babbar 'yata. Duk da haka, in aka tambaye ni a ofis ina nake samun huluna masu kyau haka, sai in ce daga gida ake aiko mini. Allah ya yafe mini wannan ƙarya.

Wanda ya warkar da ni Bayarabe ne, shugabana a wurin aiki. Na yi rashin lafiya ya zo duba ni ba zato, ya tarar da ni a tabarma da hula a cinya. Na rasa inda zan sa kaina. Ya karɓa ya duba, kuma abin mamaki, ya juya ta ciki kamar yadda Baffa yake yi. Ya ce mahaifinsa masaƙi ne a Iseyin, da saƙa aka biya masa makaranta har Ingila, kuma ƙoshiyar saƙar tsohon tana rataye a falonsa inda kowane baƙo zai gani. Ya tambaye ni don me nake ɓoyewa. Ban sami amsa ba. A lokacin nan har wani Baturen Ingila, David Heathcote, ya riga ya yi shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello yana bin zaurukan birni, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan ɗinkin tufafin Hausa. Baƙo ya sami digiri da abin da ɗan gida yake kulle ƙofa kafin ya taɓa.

Bayan an mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1991, muka taso. A can na koma fita bayan gari, ranar Lahadi in ɗebi yara mu nufi wajen Dutsen Zuma. Nakan gaya musu cewa ba baƙon wuri suka zo ba, domin Suleja da ke kusa, wadda ita ce Abuja ta asali, zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi, har yau kuma Sarkin Zazzau ake ce wa sarkinta.

Ranar da mutum ya ajiye aiki, wayarsa takan yi shiru. Wannan ku sa shi a ranku, ku da kuke kan kujera yanzu. Na ga abokai da suka fi ni muƙami, shekara biyu da barin ofis sun rame sun fita hayyacinsu, ba don rashin abinci ba, don ba su san abin da za su yi da safiya ba. Ni ma an jarraba ni. Bayan na dawo gida, Allah ya karɓi uwargidana, wadda muka yi shekara arba'in tare. Akwai darare da ko littafi ba ya shiga, in karanta shafi sau uku ban san abin da ya ce ba. Bayan Alƙur'ani da addu'a, allura ce ta riƙe ni, domin ita ba ta neman komai sai ka ƙirga zare uku ka huda, ka ƙirga uku ka huda. Da na ɗan sami ƙarfi na koma fita gefen fadama da safe. Karatu shi ya dawo daga ƙarshe. Yanzu an cire mini yanar ido, ina sa tabarau, ba na ɗinki sai daga hantsi zuwa azahar. Hula ɗaya takan ci mini wata ɗaya da rabi, kuma na daina sayarwa, jikoki nake yi wa.

Jikokin nan su ne dalilin da ya sa na tsawaita. Da wata Sallah ɗaya daga cikinsu ya zo daga Abuja, yaro mai hankali, yana sakandare. Na fita da shi bayan gari, muka tsaya a gindin ɗorawa, na ce masa mene ne wannan. Bai sani ba. Ya ɗaga waya ya ɗauki hoton ganyen, nan take ta ba shi suna da Latinanci. Na yaba, don ni ma ban san sunan ba. Amma da na tambaye shi ko ya san daddawar da ke cikin miyar da ya sha jiya daga kalwar wannan bishiya aka yi ta, ko ya san da ɓawonta ake yin makubar da ta riƙe katangar gidan kakanninsa, sai ya zuba mini ido. Laifin ba nasa ba ne, ba na wayar ba ne kuma. Mu ne muke kawo su gida kwana uku, daga mota zuwa falo, daga falo zuwa kallon hawa, sa'an nan mu mayar da su. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaron da bai san komai na garinsu ba sai cunkoson Sallah, ranar da muka kau, da wane dalili zai ci gaba da biyan kuɗin wannan ƙungiya?

Na san abin da wasunku za su ce, kuma gaskiyarku ne: daji ya canza. A 2021 masu satar mutane sun kawo hari har gefen gari, kuma akwai hanyoyin da muke bi a kan keke da yanzu ba zan ce wa kowa ya bi ba. Gidaje sun cinye gonakin da na sani, an kwashe ganuwa a wurare da dama an yi bulo da ita, rimaye da yawa sun faɗi ba a dasa wasu ba. Ba na cewa a jefa yara cikin haɗari. Amma akwai wuraren da har yanzu ake zuwa da rana, cikin jama'a, bayan an tuntuɓi masu unguwanni da jami'an tsaro. In muka jira sai komai ya daidaita, tsofaffin da suka san sunayen itatuwan za su riga mu tafiya.

Haka zancen allura. Tun daga shekarun 1970, da maza suka watse zuwa aikin albashi, mata ne a cikin gidaje suka ɗauki yawancin aikin riga da hula a birni. Da shi suke sayen kayan ɗakin 'ya'yansu, da shi zawarawa da marayu da yawa suke ci. Ga injin surfani, ga wanda kwamfuta ke sarrafawa, ga hulunan kanti masu araha, duk sun matse su. Tsakaninsu da mai saye kuma akwai dillalai biyu ko uku. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu. Mutum zai biya kuɗin shadda ba tare da ya nemi ragi ba, amma in aka zo ladan matar da ta yi wata uku tana tsiyayar da idonta a kan wuyan rigarsa, nan ne zai tuna da iya ciniki. Na yi aikin nan, na san abin da yake yi wa ido da wuya da gadon baya.

Saboda haka ina roƙon shugaban ƙungiya da majalisarsa, cikin ladabi. A cikin ginin sakatariyarmu akwai ɗakin da ba a ajiye komai a ciki sai karyayyun kujeru. A share shi, a sa kanta da tabarmi, kowane ɗan ƙungiya in zai zo gida ya riƙo littafi biyu, ɗaya na Hausa. A samu wani malami mai ritaya ya riƙa buɗewa da yamma, ana ba shi ɗan abin goro, kuma a riƙa karatu da ƙarfi, don na ga abin da wannan yake yi wa harshen yaro. Reshen mata kuma, su da suke shiga gidaje, su rubuta mana sunayen masu ɗinki unguwa-unguwa, domin mai son riga ko hula daga Legas ko Fatakwal ya aika kai tsaye, kuɗin ya faɗa hannun mai aikin. Akwai kuma tsofaffin masu zane 'yan kaɗan da suka rage. Matasanmu masu kyamara a aljihu su je su zauna da su, a ba su farin ƙyalle da tawada su zana duk abin da ke kansu, a rubuta sunan kowane zane. Wannan ba ya bukatar kwamiti, kuma kuɗinsa bai kai na kwalbati ɗaya ba.

Ni dai na fara da nawa. Akwai kwali biyu na littattafai a bakin ƙofa, na ba ƙungiya, sai dai Shaihu Umar ɗin da ke ciki aro ne, a dawo mini da shi. Fita kuwa, in Allah ya kai mu kwana na uku bayan Babbar Sallah, kuma masu unguwa suka ce hanya lafiya, zan tsaya a bakin Ƙofar Doka da ƙarfe bakwai na safe. Duk mai ɗa ko jika ya kawo shi, da takalmin da zai iya tafiya da shi da gorar ruwa. Ba zan iya hawa Kufena har ƙoli ba yanzu, gwiwa ta ƙi, amma zan kai su gindi in nuna musu ganuwar, samari su ƙarasa da su sama.